Faifan da Na Ƙi Wankewa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanar da ɗan Adam rubutu da alƙalami, wanda babu saƙon da yake ɓoyuwa gare shi, da wanda ya isa da wanda ya maƙale a hanya. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Manzon Allah, wanda ya isar da abin da aka aiko shi da shi, bai rage ba kuma bai jinkirta ba, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa.

Bayan haka, jikokina sukan dubi juna idan na ce musu na taɓa zama mai tsaron saƙonni a kan kwamfuta tun iyayensu ba su zo duniya ba. A ganinsu, abin da suke kira imel tare da su aka haife shi. Ban cika jayayya da su ba, domin abin da na fi tunawa daga wannan aiki ba abin alfahari ba ne. Mako guda ne kawai, amma har yau idan ya faɗo mini a rai sai in miƙe daga inda nake zaune, in rasa abin da na miƙe yi.

A shekarun da kuɗin man fetur suka malalo ƙasar nan, Kano ta zama gari mai gaggawa. Wanda jiya yake tafe a ƙasa yau yana kan babur, gobe yana neman direba. A Kantin Kwari dilolin atamfa da shadda ba sa kwana biyu a rumfa, kuma kowane ɗan kasuwa yana son ya san halin da kayansa suke ciki a bakin teku kafin maƙwabcinsa ya san nasa. A wannan lokaci ne wani kamfanin shigo da yadi da ke kan Titin Ibrahim Taiwo ya ɗauke ni aiki. Ina da ɗan Turanci na makarantar yamma, na iya buga tafireta, kuma an san gidanmu a Fagge da karatu da riƙon amana. Ina zaton na ukun ne ya fi nauyi wurin Manaja.

Kwamfutar ba irin manyan nan ba ce da ake cewa suna cika gida guda, ba kuma irin ta yau da ake sawa a jaka ba. Tsaka-tsaki ce, girmanta kamar kabad biyu a jere, tana zaune a wani ɗaki mai sanyi da ake tuɓe takalmi kafin a shiga. An haɗa ta da wayar teleks, wadda ake buga rubutu a wani gari ya fito a wani. Idan saƙo ya zo daga Ikko ko Kaduna ko daga wakilinmu na Jidda, sai ta karɓa ta ajiye shi a kan wani faifan ƙarfe mai juyawa a cikin murfin gilashi, ta sa shi a ƙarƙashin lambar mai shi. Idan mai shi ya zo, in buga lambarsa, saƙon ya fito a takarda, in yaga in miƙa masa. Aikina ke nan, tare da abu ɗaya: kowace Asabar in goge saƙonnin da aka riga aka miƙa, domin faifan yana da iyaka.

Wanda ya koya mini duk wannan shi ne injiniyan da yake kula da na'urar. Ɗan ƙabilar Ibo ne, Kirista, haifaffen Sabon Gari. Ya bar Kano a lokacin yaƙin basasa, ya dawo bayansa, kuma Hausar bakinsa ta fi ta wasu da aka haifa a cikin ganuwa. Shi ya nuna mini wata alama da ake sa wa saƙon yarjejeniya domin kada gogewar Asabar ta taɓa shi. Ya ce in zaɓi kalmar sirri da ba wanda zai sani sai ni, da ita ake sa alamar, da ita ake cirewa. Daga nan ba ya zuwa sai in an kira shi.

To, a zauren gidanmu akwai wata tsohuwar tukunya a kusurwa. Duk ƙyallen takardar da aka tsinta da sunan Allah a jiki, nan ake sa shi. Idan ta cika, mahaifina ya ƙona su da kansa a wuri mai tsarki, ya binne tokar. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan sunkuya a tsakiyar hanya domin yankin jarida. A haka na tashi. Saboda haka Asabar ta farko da na zauna zan yi gogewa, na'urar ta jero mini farkon kowane saƙo, sai na ga kusan kowanne da Bismillahi ya fara. Wanda bai fara da ita ba, a cikinsa akwai in Allah ya yarda, ko Allah ya kai mu, ko Allah ya sa albarka, domin Bakano ba ya iya tambayar labarin dila uku na yadi ba tare da ya ambaci Ubangijinsa ba. Yatsana ya tsaya a kan maɓalli. Na ce a raina, wannan gogewa ba ƙonawa ba ce, ba binnewa ba ce, ban san inda haruffan suke zuwa ba. Sai na sa wa duk mai sunan Allah alamar yarjejeniya, na goge na Turawa da 'yan gajerun da ba su da shi.

Haka na yi wata bakwai, ban faɗa wa kowa ba. Kuma in faɗi gaskiya, har ina jin wani daɗi a ɓoye, ina ganin na shigo da ladabin zaurenmu cikin ɗakin sanyi.

A shekarar nan mijin yayata ya tafi aikin Hajji. Ɗan kasuwar Kwari ne, kuma yana cikin masu lamba a na'urarmu. Da jirginsu ya dawo, aka je taryarsa aka dawo da akwatinsa da jarkar zamzam, ba shi. Mutum biyu daga cikin ayarinsu suka ce sun ga ya faɗi a Mina a hanyar jifa, kuma sun ga an ɗauke shi a kan makara fuskarsa a rufe. Wansa, wanda duk dangi suke kira Alhaji babba, ya ce magana ta ƙare, a shimfiɗa tabarmi. Mahaifina ya ce ba ta ƙare ba, domin babu wanda ya ga an wanke shi, babu wanda ya ga an sa shi a kabari, kuma ba a shigar da mace takaba a kan zato. Suka daɗe a kai. A ƙarshe aka tsaya a kan in aika wa wakilinmu na Jidda ya bi asibitoci, a jira kwana biyu. Idan amsa ba ta zo ba, a yi abin da Alhaji babba ya ce.

Ranar Litinin na aika. Na ga saƙon ya fita, na ga alamar an karɓa a can.

Talata na zauna gaban na'urar tun safe, ba ta ce komai ba. Ba daga Jidda kaɗai ba, daga ko'ina. Wannan bai dame ni ba da farko, domin a zamanin nan wayar Ikko takan ɗauke yini guda ba wanda ya san dalili. Akwai wata ƙaramar fitila rawaya da ta kunnu a gefen kabad ɗin faifai. Na ɗauka zafi take nufi, sai na ƙara sanyin ɗakin har haƙorana suna haɗuwa. Manaja ya leƙo ya zagi masu waya, ya fita. Ni kuwa na kasa zama. In duba takarda ko ta ƙare, in duba soket, in fita bakin titi in ga motoci suna wucewa, in dawo da sauri kamar an kira ni.

Da yamma na biya gidan Yaya. Tana zaune bakin ƙofar ɗakinta, an kewaye ta da mata, ba ta ci komai ba. Ba ta jira na gama gaisuwa ba.

"Wayar ta yi magana?"

"Tukuna dai, Yaya. Kin san asibitocin da yawa."

"Ai ka ce mini ƙiftawar ido take kai saƙo."

"Kaiwa ta kai. Amsa muke jira."

"To ka koma ka zauna kusa da ita mana. Me kake yi a nan?"

Laraba ma haka ta wuce. Na yi sallar azahar da la'asar a bakin ƙofar ɗakin sanyi don kada ta yi motsi ban ji ba. Da magariba Alhaji babba ya aiko a gaya wa mahaifina kwana biyu sun cika. Ranar Alhamis aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka fara karɓar gaisuwa. Aka tsefe wa Yaya kitso, ta cire 'yan kunne da awarwaro, ta shiga takaba. Da na shiga gaishe ta ba ta ƙara tambayata waya ba. Wannan shirun ya fi tambayar ciwo. Mahaifina ya je ya zauna cikin masu makoki, domin ya yi alkawari, amma na lura idan ana yi wa mamaci addu'a yakan ce, Allah ya jiƙan shi a inda yake.

Asabar ita ce ranar sadakar uku, ita ce kuma ranar gogewa. Na shiga ofis da safe da niyyar in duba sau ɗaya in wuce wurin sadaka. Ina cire takalmi wani dattijon ɗan kasuwa ya shigo, ya sauka daga jirgin Ikko ke nan, babbar rigarsa duk ta yamutse.

"Malam, wannan aba taku ta yi fushi da ni ne? Kwana huɗu ina bugo muku."

"Alhaji, waya ce ta ɗauke."

"Wace waya? Na buga wa maƙwabtanku na samu, na buga wa otal ɗin can na samu. Taku ce kaɗai take amsawa kamar gidan da aka kulle aka yi tafiya."

Sanyin ɗakin ya bi ta tafin ƙafata ya hau. Idan ba waya ba ce, to na'urar ce take korar masu ƙwanƙwasa ƙofa. Idan kuwa ta kori na Ikko, ta kori na Jidda.

Na hau babur na nufi Sabon Gari. A shekarar nan dawowar alhazai ta faɗo daf da Kirsimeti, unguwar duk ta tashi, kowa yana ɗaure kaya zai tafi gida kudu. A gidan Injiniya aka ce mini tun safe suka wuce tasha. Na kutsa cikin tashar, tsakanin buhunan albasa da wake da akwatuna da kajin da aka ɗaure wa ƙafa, ina leƙa tagogin manyan motoci ɗaya bayan ɗaya. Na same shi a ƙasa yana jayayya da kwandasta a kan inda za a ɗora masa busasshen kifi, matarsa da 'ya'yansa suna ciki.

"A'a, Malam, rakiya ka zo mini? Ina tsarabar?"

Na gaya masa abin da ya faru, har da fitila rawaya. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Tun yaushe ta kunnu?"

"Tun Talata."

"Kana gogewa ranar Asabar kuwa?"

"Ina goge abin da ya halatta a goge."

Sai na gaya masa maganar mijin Yaya. Bai ƙara tambaya ba. Ya leƙa taga ya yi wa matarsa magana da harshensu, ya juyo ya ce mini, "Saura kujera shida motar ta cika. Idan ka yi sauri zan same ta. Mu je."

A ɗakin sanyi ya buga wasu haruffa, jerin saƙonni ya fara fitowa, takarda tana zubowa ƙasa tana naɗewa a kan ƙafafunmu. Kowane layi da alamar yarjejeniya a gabansa.

"Malam, duk waɗannan yarjejeniya ce? Wannan ga shi cewa yake a gaida mutan gida."

"Akwai sunan Allah a ciki."

"To faifan ya cika har baki. Babu wurin da za ta ajiye ko harafi ɗaya, shi ya sa duk wanda ya bugo take rufe masa ƙofa. Sa kalmarka ka cire alamar mu goge."

"A fitar da su a takarda tukuna, in kai gida a ƙona."

"Wata bakwai? Wannan keken da ke fitar da takarda zai kwana biyu yana bugawa, kuma takardar da ke ofishin nan ba za ta kai rabi ba." Ya zauna a kan kujerata, ya sassauta murya. "Bari in tambaye ka. A layinmu da nake yaro akwai malami maƙwabcinmu. Kullum ina ganin ɗalibansa suna wanke allo su rubuta sabo. Abin da suke wankewa ba ya fi wannan tsarki ba?"

Maganar ta shige ni, na ji shigarta. Amma wani abu a ƙirjina ya miƙe ya ce, yau kai ne za ka karɓi hukuncin addininka daga bakin wanda ba ya sallarka? Na ce masa allo daban, domin ruwan wankinsa ana tara shi a zuba a wuri mai tsarki, nan kuwa babu ruwa. Na ce ya ba ni lokaci kaɗan in tambayi mahaifina.

Ya dubi agogonsa. "Kalmar tana bakinka, ba zan iya ciro ta da sukuddireba ba. Amma ka sani 'yar'uwarka ce a zaune, ba tawa ba."

Wannan tafiya ita ce abin da na fi jin kunyarsa a duk labarin. Daga ofis zuwa gidan makoki ba nisa, amma hanya ta cushe da motocin alhazai da masu tarya, na riƙa kutsawa ina hawa gefen kwata. Da na isa, ƙofar gida ta cika. An jera manyan tukwanen shinkafa, ana fito da farantan waina, malamai sun zauna sahu ana shirin addu'a. Dole na ratsa tabarmi ina gaisawa, kowa yana riƙe hannuna yana ce mini ya haƙuri, ina amsawa da godiya alhali ban san ko akwai abin haƙurin ba. Na durƙusa kusa da mahaifina na ce ina da magana. Ya tashi muka koma bayan wata mota.

Na faɗa masa komai a gurguje. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Tun kana shekara nawa ka fara wanke allo?"

"Biyar, Baba."

"Da ba ka wanke na farko ba, da yau ina karatunka yake?"

"Amma ruwan, Baba. Nan babu ruwan da za a tara."

"Rubutun nan da ke kan faifan, idonka yana ganinsa?"

"A'a."

"Ƙafa tana iya taka shi? Akuya tana iya ci? Iska tana iya kai shi kwata?"

"A'a."

"To daga me kake tsare shi? Tukunyar zaure domin kada a wulaƙanta sunan aka ajiye ta, ba domin a hana shi wucewa ba. Wanda ya rubuta Bismillahi a kan saƙonsa ya riga ya sami ladansa, kai kuma an ba ka amanar ƙofa ne, ka toshe ta." Sannan ya tambaye ni, "Kai kaɗai ka yi ta juya wannan, ba wanda ya kawo maka misalin allo?"

Na ce Injiniya ya kawo.

"Ya kawo, ka baro shi ka taho nan?" Ya juya ya dubi tabarmi da tukwane, ya dubi ƙofar da 'yarsa take ciki. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. "Gaskiya ba ta tambayar unguwar mai faɗinta. Koma. Zan ja addu'ar nan iyakar iyawata."

Na tarar da Injiniya yana kai da kawowa a baranda. Na zauna, na yi Bismillahi a bayyane, na buga kalmar, na cire alamar daga duk abin da ba yarjejeniya ba. Na'urar ta tambaye ni ko na tabbata. Na amsa. Faifan ya yi wani ɗan gurnani, ba a yi minti biyu ba wata bakwai suka tafi, fitila rawaya ta mutu. Na zauna ina jiran in ji wani abu a jikina, ban ji komai ba sai sanyi.

Nan take na aika wa Jidda cewa ƙofarmu ta buɗe, a sake turo duk abin da aka turo. Sai na'urar ta fara karɓa. Na farko daga Ikko, maganar shadda. Na biyu daga Ikko, jirgin ruwa bai sami wurin tsayawa ba. Na uku daga Kaduna, mai shi yana faɗa a kan shirun da aka yi masa. Kowanne ya shigo sai in zabura, in duba, in koma. Na tashi na zagaya ɗakin, na zauna, na sake tashi. Injiniya ya ce, "Malam, ka zauna, za ka ƙarar musu da siminti." Aka kira azahar, na yi ta a bakin ƙofa, kuma Allah ya gafarta mini, rabin zuciyata tana wajen keken bugawa.

Bayan na sallame da kaɗan na Jidda ya shigo. Da manyan haruffa ya fito kamar kowane saƙo, da Bismillahi a kansa. Wakilin ya ce Alhaji, mijin Yaya, yana raye, yana wani asibiti a Makka, ƙafarsa ta karye a cunkoso kuma zazzaɓi ya kama shi, amma ya fara cin abinci. Ya ce mayafin da aka rufa masa a fuska saboda rana ne. A ƙarshe ya ƙara layi ɗaya: wannan shi ne karo na biyar da nake turowa tun ranar Talata.

Tun ranar Talata. Kwana biyu kafin a shimfiɗa tabarmi.

Na miƙa wa Injiniya ya karanta. Ya ɗaga hannu ya gode wa Allah da harshensa, sannan ya ce, "Yi maza. Ni tawa motar ta tafi tuntuni, gobe na bi wata." Na fara ba shi haƙuri, ya tura ni waje.

Na isa an shafa fatiha ana rabon waina. Na miƙa takardar ga Alhaji babba, domin shi ne mai makokin. Ya karanta, ya sake karantawa, sai ya zauna a ƙasa ba a kan tabarmi ba ya rufe fuska da hannun riga. Magana ta bi sahu kamar wuta a ciyawa, kafin in kai soro na biyu na ji guɗa ta tashi a cikin gida. Wani daga cikin malamai ya ce to wainar fa, mahaifina ya ce a ci, sadaka ba ta ɓata, niyya ce za a sauya.

Na sami Yaya a tsaye a tsakar ɗaki, kanta a tsefe, mata suna riƙe da ita. Na karanta mata duka, har layin ƙarshe. Ina iya tsallake shi, babu wanda zai sani. Ta sa aka ba mu wuri.

"Me ake nufi da tun Talata?"

Na gaya mata. Ta saurara har ƙarshe, idonta a kaina.

"Wato kwana uku na yi takabar mai rai saboda kai kana tattalin haruffa."

"Haka ne, Yaya."

"Na zo ina tambayarka, kana ce mini asibitocin da yawa."

"Ban sani ba a lokacin."

"Ai da ma ba ka sani ba. Ku masu karatu, abin da ba ku sani ba shi ya fi ɓarna." Ta share ido da gefen mayafi. "Tashi ka kira mini mai kitso. Kuma kada in ga ka taɓa wainar nan."

Bayan mako uku Alhaji ya dawo da sanda, kuma da ita ya yi sauran rayuwarsa. Yakan ce shi kaɗai ne a Kwari aka yi wa sadakar uku bai samu ko loma ba. Yaya ta yafe mini, ta faɗa da bakinta, amma har ta koma ga Allah idan na yi jinkirin kai mata wani saƙo takan ce, ko shi ma akwai Bismillahi a kansa ne. Injiniya ya isa garinsu bayan an gama bikin da ya tafi dominsa, domin motar da ya samu ta lalace a hanya. Da ya dawo na je har gidansa na ce masa maganarsa ta allo daidai ce, kuma na san daidai ce tun a lokacin da ya faɗa. Ya ce ya sani, ya gani a fuskata.

Asabar da ta biyo baya saƙon Jidda ya zo cikin jerin waɗanda za a goge, na goge shi tare da sauran. Takardarsa kuwa na sa ta a tukunyar zaure, mahaifina ya ƙona ta da 'yan'uwanta. Na yi shekara huɗu a wannan aiki bayan haka, ban ƙara tsallake Asabar ba. Amma kwana ukun nan ba su da maɓallin da ake goge su da shi. Na yi istigfari a kansu, na yi sadaka, kuma ina kyautata zato ga Ubangijina. Duk da haka, idan wani daga jikokina ya ce wayarsa ta cika ba ta karɓar saƙo, ba na iya ci gaba da karatun da nake yi sai na ga ya zauna ya share ta a gabana, domin ban san wa yake tsaye a bakin ƙofarsa ba.

Allah ya sa mu gane abin da aka ba mu amanarsa tun yana da amfani. Wanda ya karanta wannan, Allah ya kai masa labarin alheri a kan lokacinsa, ya dawo masa da matafiyinsa lafiya, ya sanya albarka da natsuwa a gidansa da iyalinsa da duk wanda yake ƙarƙashin inuwarsa. Allah ya ƙara tsira da aminci ga Annabinmu da alayensa. Amin.